Yadda na haɗa kan jirgin gumagumai samfurin Climax a ma'aunin On30

Kan jirgin ƙasan da ke fito da gumagumai daga daji tafiyar hawainiya yake yi. Layinsa cikin gaggawa ake shimfiɗa shi, ga kwana mai tsauri, ga hawa da gangara, kuma da an gama sare itatuwan wannan kwari sai a kwashe ƙarafan a kai wani. Saboda haka duk mai son haɗa ƙaramin samfurinsa, wannan tafiyar zai fara nema kafin ya yanka ko da katako guda. Idan bodi ya yi kyau amma jirgin yana zabura kamar zomo, an yi aikin banza.

Manyan iri uku aka fi sani a dazukan Amurka, kuma dukkansu da giyoyi masu haƙora suke juya tayoyi. Akwai Shay, wanda Ephraim Shay, wani mai sana'ar katako a jihar Mishigan, ya yi wa rajista a 1881, aka yi ta ƙera shi a garin Lima na jihar Ohayo har 1945. Silindojinsa a tsaye suke a gefen dama, an ture tukunyar tururi zuwa hagu, farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, kuma a fili take tana bin gefensu. Akwai Heisler na garin Erie a Fensilbaniya, mai silinda biyu da suka haɗu a ƙasa kamar harafin V. Sai Climax na garin Corry, shi ma a Fensilbaniya, wanda aka ƙera daga 1888 zuwa 1928. Na zaɓi Climax ajin A, wato mafi ƙanƙanta kuma mafi tsufan zubi. Firam ɗinsa na farko na katako ne, tukunyarsa a tsaye, ɗan injin silinda biyu a cikin ɗakin direba, farfela kuma tana bi ta tsakiya ƙarƙashin daɓe inda ido ba ya kaiwa. Wannan ɓoyuwar ce ta sa na zaɓe shi. A Shay dole farfelar waje ta juya tare da giyoyinta a bainar jama'a, kuskuren rabin milimita ya isa ya cije ta. A Climax ajin A kuwa, kana iya aron shasin wani jirgi daban ka ɗora masa bodi, ba mai ganewa.

Ma'aunin On30 kashi 1 ne cikin 48, amma a kan layin HO (ƙaramin ma'auni na kashi 1 cikin 87) yake tafiya, mai faɗin milimita 16.5. Ƙafa ɗaya ta ainihi milimita 6.35 ce a nan, inci ɗaya kuma ya ɗan haura rabin milimita. Mutum mai tsayin ƙafa shida zai zo milimita 38. Na rubuta waɗannan ukun a jikin takarda na manna gaban tebur, domin kusan kowane awo daga cikinsu yake fitowa.

Shasin da na yi amfani da shi na ɗan kan jirgin dizal ne na HO, irin mai jera taragu a tasha, tsawonsa milimita 125. Yana da bogi biyu, wato ƙananan firam masu ɗauke da tayoyi huɗu-huɗu, duka takwas ɗin suna ja kuma suna ɗaukar wuta. Kada ka yarda da wanda bogi ɗaya kawai ke ja. Tayar dizal ta inci 40 a HO milimita 11.7 ce, wadda idan aka mayar da ita ma'aunin 48 ta zama kamar inci 22, kuma hakan ya dace da ƙaramin jirgin daji.

Na warware shi kaf. Tsohon giris yakan daskare ya zama kamar danƙo, don haka na wanke kowace giya da sifirit da tsohon buroshin haƙori. A nan ne na ga matsalar farko. Tun wajen gwaji na ji wani ɗan ƙas-ƙas da ke dawowa sau ɗaya a kowane zagayen taya. Giyar roba da ke kan sandar taya ce ta tsage. Dalili kuwa shi ne ana cusa sandar ƙarfe ne cikin robar da ƙarfi, shekaru na tafiya robar na ƙanƙancewa, ƙarfen ba ya bi, sai ta tsage tsakanin haƙora biyu, gibin ya buɗe, giyar da ke tura ta ta riƙa tuntuɓe a wajen. Tsagin siriri ne kamar gashi, sai da madubin ƙara girma da haske ta gefe na gan shi. Gam ba ya kama irin wannan robar, kada ma ka ɓata lokaci. Na canja duka huɗun, domin sauran ukun sa'o'in wadda ta tsage ne. Wajen mayar da tayoyi na auna tazarar bayan taya da bayan 'yar'uwarta, milimita 14.5, da ƙarfen awo na NMRA, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ƙasa. Idan ta gaza, taya za ta hau ƙarfen kariya a wajen canjin layi. Idan ta wuce, za ta daki hancin mahaɗar ta kauce.

Mai ɗigo ɗaya a kan tsinken allura ga kowane mazaunin sanda, giris kamar kan ashana ga giya mai zaren sukuru, kuma duka biyun su kasance irin waɗanda ba sa cin roba. Sai na bar shasin tsirara ya yi ta zagaye, minti 30 gaba, minti 30 baya, a matsakaicin gudu.

Ga lissafin tafiyar. Mil 8 a awa a ainihi daidai yake da santimita 7.4 a daƙiƙa a ma'aunin 48, wato mita ɗaya cikin daƙiƙa 13 zuwa 14. Mil 6 kuma daƙiƙa 18 ne. Na liƙa tef biyu a gefen layi, tazarar mita ɗaya, na riƙe agogo. Zagayen tayar milimita 36.7 ne, saboda haka a gudun mil 8 kusan sau 120 take juyawa a minti. Giyar shasina 14 ne da 1, ke nan injin lantarkin yana yin zagaye kusan 1,700, alhali an yi shi ne don ya haura 10,000 a bolt 12. A can ƙasan ƙarfinsa zai yi rayuwarsa, inda ƙura guda kan layi take tsayar da shi. Shi ya sa dikoda ta DCC, 'yar na'urar da ke karɓar umarni ta cikin layi tana sarrafa inji, irin mai jin nauyin inji tana daidaita wuta da kanta ta zama dole, tare da kafasita mai riƙe wuta na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu.

Kafin a sa dikoda a tabbata babu ko ɗaya daga ƙafafun injin biyu da ke taɓa firam. Tsofaffin shasi da yawa ta jikin firam suke kai wuta. Na duba da mitar awon lantarki, na ga ƙafar ƙasa tana haɗe, na yanke harshen tagullar, na shimfiɗa tef mai jure zafi a ƙarƙashi. Wanda ya tsallake wannan, dikodarsa za ta ƙone tun a kunnawar farko. Launukan waya a ƙa'ide suke: ja zuwa layin dama, baƙi zuwa na hagu, ruwan lemo da ruwan toka zuwa inji, shuɗi shi ne na tarayyar fitilu, fari fitilar gaba, rawaya ta baya. Saitunan dikoda CV ake kiransu, kowanne da lambarsa. Na ɗaga CV2 kaɗan-kaɗan har shasin ya fara rarrafe a matakin gudu na ɗaya, na sauke CV5 har iyakar gudunsa ya tsaya a daƙiƙa 11 ga mita, na sa CV6 a tsakiyarsu, CV3 da CV4 kuma 15 kowanne don kada ya tashi ko ya tsaya farat ɗaya. Sai da wannan ya zauna sannan na taɓa katako.

Daɓen na yanke shi daga farantin roba na sitairin mai kaurin milimita 1.5, faɗi 44, wato ƙafa bakwai. Na huda tsakiyarsa yadda inji da hasumiyoyin giya biyu za su leƙo, na ɗaure shi a shasi da sukuru biyu na milimita 2. Da sukuru, ba gam, domin wata rana sai an buɗe.

Tsawon farko da na ba shi milimita 150 ne, kuma kuskure ne. A miƙaƙƙen layi lafiya lau. A kwana mai radiyos santimita 38 kuwa, ƙarshen daɓen ya yi nisa da bogi, yana lilo waje, ƙugiyar haɗi ta bi shi, sai ta fizge taragon farko daga kan layi. Na rage milimita 5 a kowane ƙarshe ya koma 140, na kuma sa ƙugiya mai dogon wuya. Tsakiyar ƙugiyar kamfanin Kadee a tsayin HO milimita 9.9 ce daga saman layi, kuma yawancin kayan On30 a wannan tsayin suke. Jiragen daji na ainihi da zobe da fegi suke haɗa taragu, yana kuma da kyau a ido, sai dai da hantsaki za ka riƙa haɗa kowane tarago. Ni na haƙura da shi.

Katakon baswud na saya a sirara. Gefunan firam milimita 3 da 5, wato kusan inci 6 da 10. Allunan daɓe 1 da 4, guda 35, a gicciye. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: a rina katako kafin gam ya taɓa shi. Duk inda gam ya shafa, rini ba ya shiga, sai ka tarar da fararen tabo a kowace gaɓa, kuma babu gyara sai kankara. Rinin nawa ƙaramin cokali ɗaya ne na baƙar tawadar zane a cikin rabin lita na sifirit. Kafin rinin na ja haƙoran ƙaramin zarto a tsawon kowace sanda sau biyu don ya fitar da jijiyar katako, na goge gashin da ya tashi da sanfefa mai lamba 400. Wasu allunan na tsoma sau ɗaya, wasu sau uku, na gauraya su a kwali na riƙa ɗauka ba zaɓe. Daɓen da duk allunansa launi ɗaya ne roba yake kama.

Farin gam na kafinta ba ya riƙe sitairin. Gam mai ƙarfin wari irin na shafa-ka-jira kuma yana narkar da shi a hankali, bayan mako biyu ka ga daɓen ya lanƙwashe. Sufa gulu mai kauri na sa, ɗigo uku ƙarƙashin kowane allo.

Gefunan bogin dizal su ne ke tona asiri, don haka na aske su da reza har suka zama sumul, na bar abin da ke riƙe da tagullar ɗaukar wuta a baya. A kansu na gina zubin tsohon bogi mai sandunan ƙarfe a lanƙwashe, da sirarin sitairin na milimita 0.5 da 1.5. Robar bogi mai santsi ce, ba ta riƙe gam ko fenti, saboda haka na kankare ta da sanfefa mai kaushi, na huda ramuka biyu na milimita 0.5 a kowane gefe, na soke waya ta zama ƙusa, sannan gam.

Tukunyar tururi bututun roba ne mai faɗin milimita 22, kusan inci 42 ke nan, tsayi 48. Ta zauna a kan hasumiyar giya ta gaba ta ɓoye ta. Hasumiyar tana juyawa tare da bogi, don haka milimita 15 na ƙasan bututun fanko ne, kuma na tabbatar akwai sararin milimita 2 ta kowane gefe yayin da bogin ya juya iyakarsa. Kawunan ƙusoshin jikin tukunya na fitar da su ne a kan sitairin mai kaurin milimita 0.13. Na yanke tsawon milimita 70, na kifa shi a kan kwali mai tauri, na riƙa danna allurar da na dakushe bakinta daga baya, tazarar milimita ɗaya da rabi, ina bin rula. Na naɗe bututun da shi, gaɓar ta koma baya inda bututun tururi zai rufe ta. Na farko ya lalace, domin na cika ruwan gam, siririn farantin ya narke ya yamutse kamar fatar tsoho. A na biyu bakin buroshi kawai na taɓa a gefuna, ruwan ya bi ƙarƙashi da kansa.

Jirgin da ke ƙona itace a tsakiyar busasshen daji tilas ya sa bututun hayaƙi mai kama tartsatsi, shi ya sa ake ganin masu faffaɗan kai kamar mazurari biyu da aka kifa wa juna. Na fara yanka su a takarda har sau huɗu kafin zubin ya yi, sannan na kwafa a farantin tagulla na milimita 0.13, na naɗe a jikin bakin fensir, na liƙe da dalma mai narkewa a digiri 145. Faɗin cikinsa milimita 17, a samansa ɗan ragar tagulla mai ƙananan ido. Ka auna tsayin jirgin gaba ɗaya bayan ka ɗora shi. Ramin dutse ko gadar da aka gina don HO ba za su bar shi ya wuce ba.

Yanzu nauyi, inda na fi ɓata lokaci. Bodin katako da roba ba shi da nauyin kirki, kuma wurin da ya fi sauƙin cikawa shi ne saman tukunya. Na cika shi da ƙwayoyin dalma, giram 60. Jirgin ya koma yana rangaji a kowace gaɓar layi, bogin baya kuma ya yi sakayau har tayoyinsa suna rasa wuta. Nauyin ya hau sama, ya kuma taru a gaba. Na zazzage, na bar giram 20 kacal. Sauran na mayar ƙasa: farantan dalma a bangon ciki na tankin ruwa da ke baya, sirara biyu a ɓoye bayan gefunan firam, da ƙullin tangistin, wani ƙarfe mai nauyi sosai, a duk wani lungu ƙarƙashin daɓe. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka kwantar da fensir a tebur, ka ɗora jirgin a gicciye, ka ga inda ya daidaita. Tsakiyar tazarar bogi biyu ake so, ko da kuskure kada ya wuce milimita 3. Nawa ya tsaya a giram 280. Iyakar nauyi kuma inji ne ke faɗa: ka tare jirgin da yatsa ka ba shi wuta, tayoyi su riƙa sulɓi a kan layi. Idan suka tsaya cik inji na gurnani, nauyi ya yi yawa, kuma ranar da ya maƙale a hawa inji zai ƙone.

Da ifoksi ake ɗaure dalma. Farin gam yana ci da ita sannu a hankali, tana fitar da farin gari tana kumbura, bayan 'yan shekaru ta fasa tukunya daga ciki. A wanke hannu bayan taɓa ta, kuma kada a goge ta da magagari a inda ƙurarta za ta watsu.

Tankin ruwa akwati ne na sitairin milimita 1, ya rufe hasumiyar baya, dikoda da kafasita suna cikinsa. Injin lantarki a tsakiya na rufe shi da ƙaramin akwatin katako, na ɗora silindoji biyu na bututun milimita 5 a kai, tarin itacen wuta ya rufe saura. Silindojin ba sa motsi, kuma a inuwar rufi ba mai lura. Bututai dai kowanne ya san inda ya fito da inda za shi: wayar tagulla ta milimita 1 daga saman tukunya zuwa silinda, wata daga silinda zuwa bututun hayaƙi, ta 0.5 daga tanki zuwa gindin tukunya. Na rataye tiyo a gefe, wanda na yi da wayar lantarki mai baƙar riga ta milimita 1.5, domin waɗannan jiragen daga rafi suke zuƙar ruwa duk inda suka samu.

Ginshiƙan ɗakin direba shida ne, milimita 2.5 kowane gefe, tsayi 44. Na soke waya a gindin kowanne ta shiga daɓe, in ba haka ba hannu ɗaya zai karya su. Rufin sitairin ne na 0.5 a kan haƙarƙari huɗu masu ɗan doro, na shimfiɗa masa takarda mai laushi a sirara, na shafe da fenti baƙi-baƙi ta zama kamar takardar kwalta. Ƙananan maganaɗisu huɗu na milimita 2 ke riƙe shi. Fitilar gaba LED ce mai ɗumin haske. Da rizista ta om 1,000 ta yi haske kamar ta mota, sai da na kai 4,700 ta yi kama da fitilar kananzir.

Sassan roba da tagulla na fente su daban kafin haɗawa, katako kuwa rininsa ya ishe shi. Baƙi tsantsa yana haɗiye duk ƙusoshin da ka sha wahalar fitarwa, don haka kashi huɗu baƙi, ɗaya ruwan toka, da ɗigon ruwan ƙasa. Na goga garin bakin fensir a tukunya da yatsa ta yi ƙyallin ƙarfe mai zafi. Kunkunniya a rufi bayan bututu, tsatsa a gindin tanki inda ruwa ke zuba, maiƙo a daɓe kewayen silinda. Idan ka fesa abin kashe ƙyalli, kada ruwan tawada mai sifirit ya biyo baya, domin yana mayar da shi fari kamar hazo. In hakan ta faru, sake fesawa ɗaya yana share shi. Itacen wuta ƙananan rassa ne na gaske, na gasa su awa ɗaya a digiri 100 don kashe ƙwari, na yanka milimita 13, na faskara da reza.

Bayan fenti na goge fuskar tayoyi da bayansu da auduga mai sifirit har ta daina baƙi. Gwajin ƙarshe a hawa na kashi 4 cikin ɗari na yi shi, wato santimita 4 a kowace mita, da kwanar santimita 38 a tsakiyar hawan, da taragun gumagumai biyar. A karon farko taragu biyu na tsakiya suka faɗo cikin kwanar, domin ba su da nauyi, jan gaba da nauyin baya suka miƙar da su kamar igiya. Na huda gungumen ƙasa na kowane tarago ta tsakiya, na cusa sandar ƙarfe, na toshe bakin da katako, kowanne ya kai giram 70. Da biyar ya haye a daƙiƙa 18 ga mita ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Da na ƙara na shida tayoyi suka fara sulɓi a tsakiyar kwanar, don haka a biyar na tsayar da lodinsa.